Ranar da Muryar Baba Ta Kai Layin Ƙarshe

Shekarun baya, ina sabon fara zuwa sarin kaya Guangzhou, na kawo mahaifina asibiti saboda ciwon maƙogwaro. Aikin tiyata ya yi kyau, amma murya ba ta dawo ba. Sai ka kai kunne bakinsa kafin ka ji me yake faɗa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana wasan kwaikwayo a filayen makarantun Kano, ba lasifika, sai ƙarfin huhu, ga shi zaune a masaukinmu na titin Huanshi Lu yana nuna buta da yatsa. Abin yana ci mini rai.

Wata Juma'a mun fito daga Masallacin Huaisheng, sai abokina, wani ɗan Maraɗi da ya daɗe a garin, ya ce, "Baba, akwai wani tsohon gidan wasa, mu je ku ga gini."

Muka je. Ginin bulo ne ruwan toka, da jajayen ginshiƙan katako da aka sassaƙa aka cusa cikin juna, ba ƙusa. Rufin saman dandamalin kamar an kifa ƙwarya. Abokina ya ce 'yan wasa ne da kansu suka gina shi, gobara ta taɓa cinye shi, suka sake tayarwa. Rufin kuwa aikinsa kai murya nesa, tun ba a san lantarki ba.

Baba ya ja hannun rigata. "Tambayo min ko zan hau."

Wata tsohuwa ce ke gadin wurin, an tare matakalar da igiya. Ni da yarena bai wuce na ciniki ba, na ƙare da nuni da hannu kamar mai korar kaji. Ta ce, "Meyo," wato babu. Ta nuna daɓen katakon, ta nuna takalmana. Wai katakon ya tsufa, takalmi na cinye shi.

Sai idonta ya sauka kan ƙafar Baba. Ashe tun a bakin ƙofa ya tuɓe nasa, yadda ya saba in zai shiga zauren mutane. Ta yi dariya, ta ɗage masa igiyar.

Ya kore ni da hannu har layin ƙarshe na kujerun 'yan kallo. Ya tsaya ƙarƙashin rufin, ya gyara hula.

"Kai, mai kunnen ƙashi, kana jina?"

Wallahi kamar a gefena yake. Na ce, "Ina ji, Baba."

Daga nan ya ɓarke. Ya zama alƙali, ya juya ya zama ɓarawon akuya mai rantse-rantse, ya koma akuyar ma. Tsohuwar ba ta gane ko kalma ba, amma ta fi kowa tafi. Ni kuwa hawaye nake sharewa.

Shekara ba ta zagayo ba Allah Ya yi masa rasuwa. Na yi ta jinyarsa kunnena a bakinsa, amma ranar nan ce ta ƙarshe da ya kira ni daga nesa. Ina kewarsa ƙwarai. Har yau in na gama da kasuwa nakan je in zauna a wannan layin, ko ba wasan da ake yi.