Ƙafar Tanka a Kasuwar Nürnberg

Yaƙi ya ƙare, amma kasuwarmu ta Nürnberg har yanzu a tsakanin kangaye take ci. Ina zaune gaban kabejina sai ga wani dogon dattijo yana turo amalanke. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, tabaransa ɗaure da waya, amma fensirin da ke kunnensa a fiƙe yake tsaf. Dashen tuffa ya ɗauko, kowanne an naɗe saiwarsa da jiƙaƙƙen buhu.

Ƙafafun amalanken manya ne, na ƙarfe, da ragowar fentin soja. Frau Zeitler mai dankali ba ta iya gani ta ƙyale.

"Kai Baba, ai ƙafar ta fi kayan nauyi! Ina ka sato ta?"

"Sata? Ni na zana ta," in ji shi. "Ta Luchs ce, ƙaramar tankar nan ta leƙen asiri. Yau su ce a rage mata nauyi, gobe a ƙara sulke, jibi su ce ba ta sauri. Shekaru muna gogewa muna sakewa, ƙarshenta ɗari kacal aka ƙera."

Ya durƙusa yana cire taɓo daga ƙafar da tsinke, a hankali. Wataƙila shi ma, kamar mu, yana da wanda bai dawo daga yaƙi ba.

"To, tuffar taka yaushe za ta yi 'ya'ya?"

"Da sauran shekaru. Amma wannan karon ba mai zuwa gobe ya ce a sake zane."

Frau Zeitler ta ce ya sauke mata biyu.