Gurguzun Hajiya

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan mota tsakanin rumbunan kaya na unguwar Sulay, a nan ƙasar Larabawa. Ranar da aka sallame ni, kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya ba ni hannu da kwalin dabino, shi ke nan. Da ba don babban ɗana ya mayar da igamata, takardar izinin zamana, ƙarƙashinsa ba, da tuni an haɗa min jaka. Na koma zaman gida a unguwar Malaz, daga masallaci sai tabarma, sai faɗa da talabijin.

Hajiya, uwar 'ya'yana, ita ba ta san wannan zaman ba. Tana da lambu a saman bene: jarkoki da aka yanke, tsofaffin tayoyin da na riƙa kwaso mata, da zane da ta ɗaura don inuwa. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki take tarawa a bokiti ta hau da shi, ga ciwon gwiwa. Yakuwa take shukawa. Irin, wato gurguzu, daga gonar mahaifiyarta ta zo da shi a ƙulle cikin ɗankwali shekarar da ta biyo ni, kuma tun daga nan bai taɓa yankewa a hannunta ba.

Ta dalilinta na shiga ƙungiyar masu lambun bene. Tsofaffi ne 'yan Najeriya da 'yan Nijar da matansu, ba mu kai gida goma ba. Duk shekara idan zafi ya karye, mukan haɗu wata Juma'a a farfajiyar wani gida can wajen unguwar Murabba. Doka biyu ce: ka zo da abincin da ke da abin da gidanka ya shuka, kuma ka zo da iri a raba. Ni nawa kawai in ɗauko tukunya in ci. Miyar yakuwar Hajiya da daddawar batso, wadda take yi da gurguzun, ita ake fara ƙarewa.

Ta rasu sati uku bayan ta yi shuka. Ban hau benen ba sai bayan wata biyu, na tarar komai ya zama kara. Ruwan na'urar yana ta zuba a ƙasa duk tsawon lokacin, taku goma daga inda nake kwance. Wannan har yau ban yafe wa kaina ba.

Da taro ya matso, matar ɗana ta ce, "Baba, bari in yi maka kabsa ka tafi da ita." Na yi mata tsawar da ba ta cancanta ba. Shinkafar Larabawa zan kai a madadin Hajiya? Na ce ni zan yi miyar da hannuna, ni da ko shayi sai an miƙo min.

A bayan kwabar kicin na sami busasshiyar yakuwarta a leda, da wata kwalba cike da gurguzu a cakuɗe da toka. Na tuna na sha ganin ta tana tace ruwan toka idan za ta dafa daddawa. Sai na ce a raina, baiwar Allah, har ta haɗa ta ajiye. Na juye kwalbar duka a tukunya. Wuni guda yana tafasa. Na daka, na rufe da tsumma kwana uku kamar yadda nake ganin tana yi. Wari ya cika gidan, jikokina suna toshe hanci suna ƙorafi da Larabci, ni kuwa na zauna a ƙofar kicin ina shaƙa. Tun rasuwarta ban ji gidan ya zama nawa ba sai a kwanakin nan.

Ranar taron an ragu. Gida biyu sun koma ƙasarsu, tafiyar da ba dawowa, igama ta ƙare. Aka shimfiɗa ledar cin abinci, maza a waje, mata a ciki. Akwai kwaɗon zogale, akwai miyar kuɓewa, wani ya kawo tumatir guda shida a faranti yana ta alfahari. Na ajiye tukunyata da tuwon da matar ɗana ta tuƙa duk da tsawar da na yi mata.

Babbanmu wani dattijo ne mutumin Maraɗi, ya yi aikin gini har bayansa ya lanƙwashe. Kullum tsokanata yake, wai Bakano bai san shuka ba sai ya gan ta a kasuwa. Ya kai loma, ya haɗiye.

"Gishiri ya yi yawa," in ji shi. "Amma daddawag ga ta Hajiya ce. Allah shi jiƙan ta."

Muka ce amin. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai ya ce, "To Alhaji, ina irin? Namu mai gida ya sa an kwashe mana benen, an kafa tankuna. Waɗanda ta ba bara sun tahi. Ku kaɗai kunka rage, ku muke jira."

Na ce shukar bana ta bushe.

"Wannan mun ji. Ai Hajiya ba ta shuka duka. Rabi take zubawa, rabi ta aje cikin toka don ƙwari. Ka duba, akwai kwalba."

Na kalli tukunyar, shi ma ya bi idona ya kalla. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san iri ake sa wa toka. Ni ɗan birni ne, sitiyari na sani. Shekara talatin ina cin miyar matar nan, ban taɓa tambayar ta abin da ke cikin kwalbar ba.

"Duka?" ya tambaya a hankali.

"Duka."

Na jira tsokanar, da ma ya yi ta, da na sami wanda zan yi wa faɗa. Bai yi ba. Ya jawo tukunyar gabansa, ya raba sauran miyar a kwano biyu, ya ce a miƙa ɗaya ciki wurin mata, a gaya musu ko ta wace ce. Ɗayan ya ajiye a tsakiyarmu.

"Ku sa hannu," ya ce. "Kar a bar ko kaɗan."

Muka ci. Gishirin ya yi yawa ƙwarai. Da aka zo rabon iri, kowa ya zuba min nasa a takarda, kuɓewa da zogale da rama, na karɓa don kar in ba su kunya.

Da na dawo gida na ɗauko kwalbar. Ban wanke ta ba tun ranar, akwai sauran toka a gindinta. Na juye a faranti, na sa tabarau, na bi ta da yatsa a hankali har sau uku. Toka ce kawai.