Hotuna Bakwai na Baban Zainabu

Wata Asabar ce da hantsi, cikin sanyin farkon shekarar 2014, mu goma sha ɗaya muna durƙushe kan wata tsohuwar darduma a ɗakin ƙasan bene a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, mun haɗa kawuna gaban kwamfutar Ustaza Bilki. Ta zare ɗan katin da ke cikin kyamara ta soka, hotunan mako suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: kuliyoyin bayan gidan burodi, ƙafar wani cikin silifas, tulin lemo a kan amalanke, sai tattabaruna, tattabaru kamar ba za su ƙare ba. Zainabu, 'yar maƙwabtanmu na hawa na uku, ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin. Da aka kai ƙarshe ta ce, "Ustaza, ina Abbana?" Ustaza ta koma farko ta sake bi a hankali. Babu shi. Ni ina bayan kowa ina tsinkar zaren darduma, domin ni kaɗai na san inda ya tafi.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Iyayenmu Hausawan Sudan ne da suka gangaro Alƙahira neman mafaka, mu huɗu da Inna a ɗaki biyu. Da sassafe ni ke bin layin burodi, in ɗoro shi da zafinsa a kan faifan katako. In na dawo daga makarantarmu ta 'yan gudun hijira sai in kai wa masu shaguna kisirar da Inna ta gasa, wato wainar nan mai faɗi ta mutanen Sudan. Abin da ya rage na yini na ƙwallo ne, wadda muke ɗinkawa da tsofaffin safa, muna bugawa tsakanin motocin da aka ajiye har mai gadin gini ya fito da tsintsiya. Ba mu da wani abu da za a ce kada mu fasa, sai da Ustaza Bilki ta zo.

'Yar Jos ce, ta zo karatu jami'a a Giza. Ba wanda ya sa ta, ba wanda yake biyanta, amma kowace Asabar sai ta shiga jirgin ƙasa ta sauka ta hau ƙaramar bas, ta iso da kyamarori biyu tsofaffi a cikin jaka. Hausarta takan ba mu dariya, tamu ma ta ba ta, don rabinta Larabci ne. Ta koya mana riƙe kyamara da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, da ɗauke numfashi kafin a danna. Takan ce, "Rana a bayanka, mutum a gabanka, kuma ka nemi izininsa." Katin kyamarar ƙarami ne, don haka ta tsara mana: yara uku a mako, kowa kwana biyu, kowa hoto ashirin. Hoton da ya fi kyau za ta wanke shi a manna a bango. Doka ɗaya ce ta yi mana da kakkausar murya, wai maɓallin da ke da zanen kwandon shara ba namu ba ne.

A wannan makon Zainabu ce ta riƙe kyamarar kafin ni. Babanta, Baba Adamu, tela ne a wani lungu kusa da kasuwa, mutum mai tsananin kunyar hoto. Mun sha binsa yana kare fuska da tsumma yana cewa, "Yalla, ku tafi ku ɗauki jakuna, sun fi ni haƙuri." Da Zainabu ta miƙo mini kyamarar a kan matattakala ranar Laraba, sai ta raɗa mini cewa Abba ya yarda ta ɗauke shi hoto, har ya sa farar jallabiyarsa ya naɗa rawani. Ban tambayi dalili ba. Hankalina yana kan rufin gininmu, inda wani Bamisire yake da dogon keji na katako, yana sakin tattabarunsa da la'asar yana kaɗa musu tuta.

Ashirin ɗina suka ƙare a yini guda, yawancinsu sararin sama ne da ɗigo-ɗigo. Washegari da la'asar tattabarun suka taso gaba ɗaya, rana ta bugi fukafukansu, na danna, kyamara ta ƙi. Kati ya cika. Na zauna kan bulo na shiga duba abin da ke ciki, a nan na ci karo da Baba Adamu. Hotuna bakwai ne. Yana zaune bakin taga, haske ya sauka a gefen fuskarsa, tsagen kumatunsa sun fito sarai, hannunsa ɗaya a kan gwiwa. A shida yana ƙoƙarin haɗe rai irin na manya. A na bakwai dariya ta ƙwace masa, yana kallon 'yarsa.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wuri nake nema a katin. Ƙarya ce. Da wuri nake nema, da nawa marasa kyau na goge. Gaskiyar ita ce ina ganin na bakwai ɗin na san shi za a manna a bango. Na danna kwandon shara, kyamara ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Sau bakwai tana tambayata, sau bakwai ina amsawa. Sannan na miƙe na cika wurin da tsuntsaye.

Abin da ban sani ba shi ne, tun asubar wannan Alhamis ɗin Baba Adamu ya bar gida. Ya sayar da keken ɗinkinsa ya nufi bakin teku, inda ake loda mutane a jirgin ruwa zuwa Turai. Abin da ya sa ya naɗa rawani ke nan. Ranar Asabar ɗin Zainabu ta share hawaye ta ce, "Ma'alish, ba komai, Ustaza, in ya aiko muka je can sai in sake ɗaukarsa." Mako ya wuce, wata ya wuce, waya ba ta yi ƙara ba. Mahaifiyarta ta daina zuwa hira wurin Inna. Ba a ga gawa ba, ba a yi zaman makoki ba, sai dai wata rana muka ji ana yi masa addu'a irin wadda ake yi wa mamata. Hotunan gidansu suna can Sudan inda suka baro, takardunsa kuma suna aljihunsa.

Ustaza Bilki ta ɗauki katin har Wustul Balad, can tsakiyar birni, wurin masu gyara. Suka ce da ba a ɗauki wasu hotunan a kai ba, da an ceto su. Ta dawo ta zauna a gabanmu idanunta jawur, ta ce, "Laifina ne, na ba ku tsohon kati. Zainabu, ki yafe mini." Ina zaune ina ji, na bar ta ta ɗauki laifin. Hoton tattabaruna aka manna a bango, aka yi mini tafi. Bayan nan Zainabu ta tare ni a matattakala ta ce, "Musa, kai ka karɓa bayana. Ka gan shi? Ya yi kyau?" Na ce ban duba ba.

A shekarar da ta biyo Ustaza ta gama karatu ta koma gida, su Zainabu kuma suka tashi, ban san inda suka nufa ba. Yanzu ina aiki a wani shagon matse lemo a unguwar. Yaran da ke wucewa kowa da waya a hannu, su ɗauki ɗari su goge ɗari suna dariya, ba wanda yake ƙirga ashirin. Ni ban sake riƙe kyamara ba. Amma sau da yawa, ina tsakiyar aiki ko ina sahun salla, sai in ga mutumin nan a bakin taga da farar jallabiya, dariya ta ƙwace masa. Na nemi gafarar Allah ba adadi, sai dai na san hakkin mutum sai mai shi ya yafe. Zainabu tana da shekara goma a lokacin, wataƙila yanzu kamanninsa sun fara ɓace mata. Ni ko tsage ɗaya bai ɓace mini ba, kuma ba ni ya kamata in riƙe fuskar nan ba.