Maɓallan Rigar Kawu Ambrose

Duk wanda ya san Dakta Verna Tulk ya san ba ta iya zama wuri ɗaya. A tsaye take shan shayi, a tsaye take cin abincin rana, in tana maka magana ƙafarta ɗaya na bakin ƙofa. Mahaifinta Gus masunci ne a Cutler's Arm, can gaɓar kudu ta tsibirin Newfoundland a ƙasar Kanada, kuma tun tana 'yar shekara goma take feɗe kifi a jirginsa. Da ta gama karatun likita aka yi mata tayin aiki a Toronto, ta ƙi, ta dawo gida. Shekara ashirin da bakwai ke nan ita kaɗai ce likitar ƙauyuka huɗu.

Duba marasa lafiya bai taɓa gundurarta ba. Takardu ne suka ishe ta, musamman fom ɗin rangwamen haraji na masu naƙasa. Hukumar haraji ba ta rage wa mutum ko dala ɗaya sai likita ya cike shafuka goma sha wani abu ya sa hannu. Kuma sunan cutar kaɗai ba ya isarsu. Sai su tambaya: in zai sa kaya, lokacin da yake ɗauka ya ninka na lafiyayye sau uku? Kusan kullum ne, ko jefi-jefi? Ita kuwa minti goma take ganin mutum, yana zaune kan kujera, ya riga ya sa kayansa tun daga gida. Kullum akwai irin waɗannan fom guda bakwai ko takwas a kan teburinta. Ta ɗauki ɗaya, a kira ta ɗinkin rauni, ta ajiye, ta dawo ta manta inda ta tsaya.

Wata Talata cikin hunturu Gwaggo Dot Keeping ta shigo tana janye da mijinta, Kawu Ambrose. Kawu Ambrose shekara ashirin suka yi a jirgi ɗaya da mahaifin Verna, shi ya koya mata ƙulla igiya. Yanzu yana da saba'in da huɗu, ciwon karkarwa ya kama shi shekara shida.

Gwaggo Dot ta ajiye fom ɗin. "Verna, cike mana wannan. Kuɗin ɗumama gidanmu ya fi ƙarfinmu bana."

Verna ta juya ga tsohon. "Kawu, kana iya sa kaya da kanka?"

"Au, tsirara kika gan ni?"

"Tambayar takarda ce, ba tawa ba. Minti nawa kake ɗauka?"

"Ke 'yar Gus, ni da nake shiga kayan ruwa jirgi na tangaɗi? Kafin ki gama shayinki na gama."

"Ƙarya yake yi," in ji Gwaggo Dot.

"Kin ji ta ko? Shekara hamsin ba ta taɓa gaskata ni ba."

Mutum goma sha ɗaya na jira a waje. Verna ta rubuta abin da ta gani da abin da ya faɗa: yana shan wahala, amma yana yi da kansa. Ta sa hannu, ta wuce.

Bayan wata uku amsa ta zo, an ƙi. A kanti Gwaggo Dot ta tare ta, gaban mutane, tana riƙe da wasiƙar.

"Sun ce likitarsa ta ce lafiyarsa lau."

"Ban ce haka ba, Gwaggo."

"To me kika ce? Ni nake ɓalla masa riga, ni nake sa masa safa, ni nake yanka masa nama a faranti. Ranar da muka zo wurinki tun ƙarfe shida muka fara shiri."

Verna ta fita ba ta sayi abin da ya kawo ta ba. Kwana huɗu maganar na cin ta. Tana duba kunnen wani, hankalinta na kan wasiƙar. Ta buɗe sabon fom ta rufe ya fi sau biyar. In ta rubuta abin da matar ta ce, ta sa hannu kan abin da idonta bai gani ba, kuma lasisinta ne a kai. In ta bar shi haka, ta san an cuci tsohon, kuma da bironta aka cuce shi. Ranar Asabar da safe ta kasa haƙuri, ta sa takalmin dusar ƙanƙara ta gangara gidansu.

Ta same shi a kicin da kayan barci, Gwaggo Dot na soya gurasa.

"Kawu, yau zan ga yadda kake shiri. Gwaggo, kada ki taɓa shi."

"Wasan yara za mu yi?"

"Ɗauko rigar."

Ta ciro agogon hannunta ta ɗora kan tebur. Da farko yana ta barkwanci, wai ko za a ba shi kofi in ya ci. Ya zura hannu ɗaya a riga, ɗayan ya ƙi samun hanya. Da ya kai ga maɓallai sai barkwancin ya ƙare. Yatsunsa na rawa, maɓalli ya zo bakin rami ya kuɓuce, ya sake kamowa ya sake kuɓucewa. Maɓalli shida, minti goma sha tara. Gwaggo Dot ta juya baya tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Verna ta je taga, ta dawo, ta sake zuwa taga. Sau biyu hannunta ya miƙa da kansa, ta janye shi.

Safa ce ta gagare shi. Ya sunkuya, ya tafi gaba kamar zai kifa, ya dafe tebur. Ya daɗe a haka yana haki.

"Nawa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Arba'in da ɗaya."

"To kin gani. Je ki rubuta musu." Ya ɗago ya kalle ta. "Da Gus na raye ba za ki yi mini haka ba."

Ta ɗauki agogonta ta fita, ko shayin da aka zuba mata ba ta sha ba.

Ta cike fom ɗin ranar, kowane minti a wurinsa. Bayan mako bakwai hukumar ta aiko mata da wata takardar ƙarin bayani, shafi huɗu, kusan tambayoyin farko ne aka sake wa riga. Ta cike. Da bazara aka amince, har aka mayar musu da wani abu na shekarun baya. Gwaggo Dot ta kawo mata kwalba biyu na naman barewar daji da ta dafa ta adana, ta ajiye wa mai karɓar baƙi ta tafi.

Kawu Ambrose kuwa ya daina zuwa. In maganinsa ya ƙare matarsa ke karɓo masa. In ya hango motar Verna daga baranda sai ya shige ciki. Wannan ya fi komai damunta. Ta sha tsayawa a ƙofar gidan, inji na aiki, sannan ta ja ta wuce. Labari kuma ya bazu cewa likita na zuwa gida ta auna mutum da agogo, fom ɗin da ke teburinta suka koma goma sha biyar, har da na wani ɗan'uwanta da ta gani da idonta yana faskare, wanda ya daina gaishe ta da ta ƙi sa masa hannu. Wannan shekarar sau biyu ta rubuta takardar ajiye aiki. Ba ta aika ba, don ta san babu likitan da zai zo Cutler's Arm.

Sai da aka yi wata goma sha huɗu sannan tari ya kawo shi. Ya zauna ya buɗe ƙirji, ta saurara, ta rubuta magani, babu wanda ya tayar da zancen. Yana shirin tashi ya zaro wasiƙar amincewar daga aljihu, ta yi laushi saboda ninki.

"Dot ta ce a nan ƙasa sun rubuta shekara biyar kawai suka ba ni. Wai daga nan sai an sake cike wani."

"Haka suka ce."

"Tsammani suke zan warke?"

"Ban san me suke tsammani ba, Kawu."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. "To in lokacin ya yi muna nan, ki zo. Amma ki zo ranar Lahadi, Dot na coci. Ba na son tana kallo."

Ta riƙe masa kafaɗa ya miƙe, ta raka shi har mota, sannan ta dawo da gudu-gudu ta kira na gaba.