Baba Sito da Ɗakin Tsofaffin Bama-bamai

Kowace safiya, kafin ya tura ƙofar ƙarfen nan, Baba Sito yakan ajiye wayarsa a kan benci, ya yi addu'a, sannan ya shiga. Abin da yake fara yi shi ne shaƙar iskar ɗakin. In warin bai sauya ba, sai ya sauke ajiyar zuciya.

Ma'ajiyar makamai ce ta wani barikin soja, kuma tun yana da baƙin gashi yake kula da ita. Akwatunan harsasai da bama-bamai ne jibge har sama, wasu sun girmi sojojin da ke gadinsu. Da damina rufin ya yi yoyo, lokacin zafi ɗakin ya koma tanda. Bayan katanga kuwa gidajen iyalan sojoji ne da makarantar yaranmu.

Duk shekara in ana karanta kasafin kuɗin tsaro a rediyo, yakan kasa kunne: sababbin jiragen yaƙi, jirage marasa matuƙi, motocin sulke. Bai ƙi ba, don ɗansa ma yana bakin daga. Amma bai taɓa jin an ambaci sabuwar ma'ajiya ba. Kwamandansa kan dawo daga hedikwata jiki a sanyaye, ya ce, "Baba, wallahi na sake faɗa musu. Sun ce sai baɗi."

Matarsa kan tsokane shi, "Malam, kowa gudun mutuwa yake, kai kullum sai ka je ka gaishe ta." Da dariya take faɗa, amma ba ta iya cin abinci sai ta ji sallamarsa.

Wata rana da tsakar rana, ana zafi kamar me, ya hangi farin hayaƙi yana tasowa daga wani akwati. Sojan da ke gadi yana tsaye a bakin ƙofa.

"Ruga ka ce a kwashe yara!" Baba ya daka masa tsawa.

Yana jin muryoyinsu suna bin karatu a aji. Ya rungumi akwatin da zafinsa, ya ɗora a baro, ya tura zuwa wani rami can bayan fili, hayaƙi na shiga masa ido. Ya kifar da shi, ya juya da gudu. Bai yi nisa ba ƙarar ta ɗaga shi ta buga da ƙasa. Tafukansa sun ƙone, kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Ba yaron da ko ƙwarzane ya samu.

Da muka je asibiti muna yaba jarumtarsa, sai ya girgiza kai. "Wace jarumta? Har yanzu a tsorace nake."

Manya sun zo, sun yi alkawari, an liƙe rufin. Akwatunan suna nan.

Baba, kai ne ka ɗauki tsoron da ya kamata mu raba, ka ɗauke shi kai kaɗai. Kai ne dalilin da 'yata ta dawo gida ranar nan. A wannan watan za ka yi ritaya, mu kuwa gabanmu faɗuwa yake.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu tsara kasafi, ku zo ku tsaya a ɗakin nan ko da wuni ɗaya. Wanda zai gaje shi kuma, ya riƙe abin da Baba ya gaya masa yana miƙa makulli: "Ranar da ka daina tsoron ɗakin nan, ɗana, ka bar aikin."