An Kai Na'urar Saratu Ɗakin Sanyi

Bana shekara bakwai da rasuwar Saratu, kuma da ɓacin rai nake tuna ta. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutuna. Aji uku na yi a firamare, malamin ya ce kaina ya fi dacewa da gammo, kuma bai yi ƙarya ba.

Na baro Kano lokacin da ake kwaso babban birni daga Legas, na zo ɗaukar kwanon siminti. Bulus, wani manomin doya da aka tashi ƙauyensu don a shimfiɗa titi, shi ya ba ni ɗaki a gefen Kwali. A gabana aka haifi Saratu, 'yarsa. Baba take ce mini har ranar da mota ta kwashe ta a hanyar Gwagwalada. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Lantarki ta karanta. Sa'o'inta suka shige ofisoshin cikin gari, ita ta dawo sito. Ƙungiyar manoman ƙauyen tana da sito guda inda kowa ke ajiye irin doyarsa kafin shuka, yawancinsu mata ne, kuma kowace shekara zafi da laima sai sun ci rabonsu. Saratu ta zo da wani ɗan allo bai fi kwalin ashana ba, ta jona masa waya mai ɗan farin kai. Wannan kan, in ji ta, shi ke jin zafi da laimar iska. Ni hanci na sa masa suna.

Na zauna ina kallo tana rubuta wa allon umarni a kwamfuta. Na ce, "Yanzu wannan abin Turanci yake ji, ni ba na ji?"

Ta ce, "Baba, ya fi ka jin magana kuma."

Umarnin ba shi da yawa. In zafi ya wuce kima, ya kunna fanka. In laima ta yi yawa, ya kunna jar fitila ya yi fito, mata su zo su buɗe tagogi su juya doya. Ta sha wahala kafin ya daidaita, don da farko ko akuya ta yi atishawa sai ya yi fito. Ta goge, ta sake rubutawa, ta sake gwadawa. Abu ɗaya ta nanata wa kowa: hancin nan a tsakiyar doya yake zama, don abin da doya ke ji shi zai faɗa.

To, bana muka yi sabon ciyaman a ƙungiyar. Ya gina ofis kusa da siton, ya sa esi mai sanyaya ɗaki, ya sa labule. Da ya ji manyan baƙi za su zo daga cikin gari ganin ci gaba, sai ya sa aka ciro allon da hancinsa aka kafa a bangon ofis, ƙarƙashin esi, aka ƙara wa wayar fanka tsawo. Baƙi suka zo, suka ga lambobi masu kyau, suka tafa, aka ɗau hoto.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta lafiyar ofis, ta ce ofis lafiya lau. Fanka ta kwanta barci, fitila ba ta ƙara yin ja ba. Mata suna jiran fito, doya tana dahuwa a bayan bango. Sai da wari ya fito aka buɗe ƙofa.

Na sami ciyaman na ce, "Oga, doya ce za a shuka ko kai?"

Ya ce, "Baba, ba ka gane zamani ba. Baƙo ba zai shiga sito da takalminsa mai tsada ba."

Wallahi da Saratu na nan ba za ta yi faɗa ba, faɗa nawa ne. Kallonsa za ta yi ta ɗauko sukundireba. Shi na yi. Na shiga ofis da rana tsaka na kwance allon, na mayar da hancin cikin doya, ina jona waya ban san inda ja da baƙa ke shiga ba sai da mata suka nuna mini. Kafin in miƙe fanka ta tashi, fito ya cika sito. Wata dattijuwa ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Abin da ya rage na Saratu ke nan. Ba hotonta a ofis, ba titi da sunanta. Amma maganar da ta zuba a cikin ɗan allon nan tana nan yadda ta bar ta, ba ta san babban baƙo ba, ba ta san ciyaman ba.

Kusan rabin irin ya tafi, kuma damina ta ƙarato. Wasu gidajen bana kunyar doya kaɗan za su shuka. Ciyaman ya ce zai kawo mini 'yan sanda don na fasa ofis. In ya ga dama ya kawo su. Ina bakin sito a kan benci, ba inda za ni. Amma ya gaya musu kowa ya riƙo wuƙa, akwai sauran doyar da za a yanke wa ruɓa.