Kwaɗon da Inna Tabawa ta rufe gadar tasha da shi

Wata ranar Laraba, kwana tara da fitarta daga takaba, Inna Tabawa ta cire kwaɗon da ke jikin tsohon akwatin mijinta, ta ɗaure makullin a bakin zanenta, ta nufi tashar jirgin ƙasa.

Inna Tabawa mahaifiyata ce. Mijin nata, Malam Sallau, shi ne babana.

Tashar nan ta girmi unguwarmu. Tun ana lodin gyaɗa da fata aka gina ta a bayan gari, gidaje ne suka zo suka same ta.

Shekara ashirin da takwas Baba yana buga ƙararrawarta. In jirgi ya doso sai ya buga sau uku, kowa ya ja da baya. Har ya yi ritaya bai taɓa ganin jini a kan layin nan ba.

Daga baya jirage suka tsaya, tashar ta zama kango. Da aka farfaɗo da ita sai aka sauke ƙararrawa, aka gina gadar ƙarfe don fasinja su riƙa hayewa zuwa ɗaya gefen, inda ake shiga jirgi.

Sai manajan tashar, wani Haladu, ya sa aka ɗaure ƙofar gadar da sarƙa.

Wai kada a taka fenti kafin manya su zo su yanke ƙyalle.

Mai ciki, mai sanda, mai goyo, kowa ta kan layin dogo yake tsallakawa.

Sau uku Baba yana zuwa ofishin Haladu yana roƙon a buɗe gadar. A na ukun Haladu ya yi dariya ya ce, "Baba, zamanin ƙararrawa ya wuce. Je ka gida ka huta."

Ranar sunan ɗana na fari, Baba ya sa sabuwar rigarsa, ya ɗauki ƙullin goro da dabino, zai shiga jirgin safe ya zo wurina cikin gari. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana ciwo. Yana tsakiyar layi jirgin kaya ya ɓullo, irin wanda ba ya tsayawa a tasharmu.

A tabarma aka kawo wa Inna shi.

Bayan sati biyu aka aiko da takarda. Ni na karanta mata. An rubuta wai sakacin fasinja ne, wai marigayin ya ƙi bin gada.

Inna ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in sake karanta wurin. Na sake. Ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin matashinta, ta ci gaba da ƙirga kwanakin takaba.

Kusan wata huɗu tana kwana a kan ƙaryar da aka yi wa mijinta.

To, wannan Larabar ce ranar buɗe gada. Tun da safe ma'aikata suka cire nasu kwaɗon, suka ɗaura ƙyalle, suka haye can gefen suna jera kujeru a ƙarƙashin rumfa.

Inna ta zo ta haɗa sarƙar, ta ɗana kwaɗon Baba, ta shimfiɗa ɗankwali a gindin matakala ta zauna.

Motoci suka iso. Babban jami'in da ya zo daga babban ofis ya fito, masu ɗaukar hoto na biye. Haladu na gaba cikin farar shadda, bakinsa har kunne.

Sai ya ga kwaɗo.

"Wane mara hankali ne ya rufe nan?"

"Ni ce."

"Inna, don girman Allah ba ni makulli, manya na jira."

"Su bi ta inda mijina ya bi."

Haladu ya fara ihu a kawo guduma. Babban ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya rusuna ya ce, "Inna, wane ne mijinki?"

Ta miƙa masa takardar. Ya karanta. Ya juya ya tambayi jama'ar da suka taru, "Tun yaushe gadar nan take rufe?"

Mai shayi, masu dako, mata masu tallar awara, baki ɗaya suka ce, "Wata bakwai!"

Ya dubi Haladu. "To ta yaya mutum zai ƙi bin gadar da ka rufe?"

Gumi ya jiƙa farar shaddar nan.

Inna ba ta kwance makullin ba sai da babban ya faɗa da bakinsa, a lasifika, cewa Malam Sallau bai yi sakaci ba. Sannan ta buɗe, ta riga kowa hawa, ta taka fentin nan da silifas ɗinta mataki bayan mataki.

An dakatar da Haladu, maganar tana kotu. Kwanan baya ya zo gida da dattawa biyu neman gafara. Inna ta ba su tabarma, ta ba su ruwa, ta saurare su har ƙarshe.

Ta ce, "Ban yafe ba. Mu haɗu a gaban Allah."

Ni ma ban yafe ba.

Darasi: In an ba ka amanar ƙofar da rayukan mutane ke bi, kada ka rufe ta don manya su yaba maka. Kuma in ka yi wa mamaci ƙarya don ba zai tashi ya kare kansa ba, ka tuna ya bar masu rai a gida.

Ku tura wannan har ya isa wayar duk wanda ke riƙe da makullin wata gada. Wanda ya karanta kuma, ya sa Malam Sallau a addu'a.